TSOHUWAR KWAMFUTARMU: A GYARA KO A SAKE?



Sanin kowa ne cewa duk wanda wannan littafi na ƙarshen shekara ya shiga hannunsa, hotuna yake fara dubawa kafin ya karanta ko layi ɗaya. Ɗalibi ya nemi fuskarsa a cikin 'yan ajinsu, uwa ta nemi 'yarta a cikin mawaƙa, tsohon ɗalibi kuma ya duba ko malamansa na dā suna nan. Amma kaɗan ne suka san cewa kowane hoto, kafin ya isa maɗaba'a, sai ya bi ta cikin na'ura guda ɗaya, wato kwamfutar tebur da ke kusurwar ɗakin malamai. A wannan shekara na'urar ta nuna mana cewa tsufa ya kama ta, har ya zama dole mu 'yan kwamitin littafin mu zauna mu yanke shawara: a gyara ta ko a sake wata? Tun da kuɗin iyaye da baikon ikilisiya ne abin ya shafa, mun ga ya kamata mu bayyana muku yadda muka yi, da kuma abin da muka koya.

Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun san wata hanya dabam. Mai hoto yakan zo da kyamararsa da fim mai ɗaukar hoto 36, ya ɗauka, ya tafi ya wanke, bayan mako guda ya dawo da su a ambulan. Wanda ya rufe ido ya rufe ke nan har abada. Da almakashi da gam ake shirya shafi. A lokacin ba mu da labarin cewa tun shekarar 1990 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Thomas da John Knoll, sun riga sun fito da manhajar Photoshop ta hannun kamfanin Adobe, wadda za ta mai da almakashi da gam tarihi. Kamfanin Kodak ma, wanda fim ɗinsa ya cika duniya, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012. Zamani riga ne, in ji masu iya magana.

Kwamfutarmu ta shigo makaranta a shekarar 2013, da gudummawar Zumuntar Mata da ta wasu tsofaffin ɗalibai. A lokacin abar alfahari ce. Furosesarta Intel Core i5 ce ta zubi na uku, tana da RAM gigabait 4 da faifan ajiya mai gigabait 500. Da Windows 7 ta zo, daga baya aka ɗaga ta zuwa Windows 10 sa'ad da kamfanin Microsoft ya ba da damar yin haka kyauta daga 2015. Fiye da shekara goma tana yi mana hidima. Hotunan yaye ɗalibai, na wasannin tsalle-tsalle, na waƙoƙin Kirsimeti, na ranar ba da kyaututtuka, duk ta hannunta suka bi. Ɗaliban da ta fara gyara hotunansu suna aji ɗaya, yau wasunsu sun yi aure suna da 'ya'ya.

To, amma alamun gajiya sun bayyana. Idan aka kunna ta, sai mutum ya je ya yi kiran suna a aji ya dawo kafin ta gama farkawa. Idan aka buɗe hotuna biyar ko shida a lokaci ɗaya sai ta tsaya cik. Fankarta tana kuka kamar injin markaɗe, a watan Afrilu kuma, sa'ad da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, takan mutu da kanta ana tsakiyar aiki. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, da ta fara fitowa daga faifan ajiya. Duk wanda ya san na'ura ya san wannan ƙara ba ta alheri ba ce.

A cikin wannan faifai akwai abin da kuɗi ba ya saye. Akwai hotunan dukan littattafanmu tun daga 2013. Akwai tsofaffin hotunan farkon makaranta, baƙi da fari, waɗanda muka aro daga hannun dattawa muka kwafa da sikana, wasu kuwa asalinsu gara ta riga ta cinye bayan mun mayar. Akwai fuskokin malamai da ɗalibai da suka riga mu zuwa wurin Ubangiji. Sau da dama iyalai sukan zo neman hoton ɗansu don bugawa a takardar jana'iza, su tarar namu ne kaɗai mai kyau da ya rage. Saboda haka kafin a yi maganar gyara ko saye, abu na farko da muka yi shi ne kwashe komai. Mun bi ƙa'idar da masana ajiya suke koyarwa: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ɗaya yana cikin kwamfuta, ɗaya a faifan waje a ofishin shugaban makaranta, ɗaya kuma a ofishin ikilisiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar da muka gama wannan aiki ne muka soma barci da ido biyu rufe.

Sai muka zo kan babbar tambaya, nan fa ra'ayi ya rabu. Matasan malamai suka ce a sayi sabuwa kawai a huta. Ɗaya daga cikinsu ya tuna mana da koyarwar Ubangiji a Markus sura 2 game da haɗarin yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyalle, ya ce kuɗin da za a zuba wa tsohuwar na'ura asara ce. Ma'ajin makaranta kuwa, dattijo ne da muke kira Baba, ya saurara har aka gama, sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, na ji ku. Amma a Luka sura 14 an gaya mana abin da mai son gina hasumiya yake fara yi. Ku kawo mini lissafi tukuna." Kowa ya yi dariya, amma kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Lissafin kuwa ba mai daɗi ba ne. Kwamfuta da kayanta daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin a wannan wata, sai ga ta ta haura naira 1,500 a cikin 2024. An kuma cire tallafin man fetur tun 29 ga Mayun 2023, abin da ya taɓa kuɗin mota da na abinci a kowane gida. Mun san iyaye a nan Unguwa Uku da Tarauni da suke biyan kuɗin makaranta kashi uku ko huɗu. Mun san direbobi da masu sana'a a tashar Unguwa Uku da suke hana kansu domin 'ya'yansu su yi karatu. Ɗora wa irin waɗannan sabon haraji domin na'urar gyaran hoto abu ne da sai an yi tunani sau biyu. Wasu daga cikinmu suka hau adaidaita sahu suka zaga kasuwar Farm Centre da ke nan Tarauni, suka wuce titin Beirut inda shagunan kwamfuta suke, suka dawo da farashi a rubuce. Kuɗin sabuwa mai ƙarfi tare da allonta ya kusa cinye abin da aka ware don buga littafin kansa.

Wannan ya sa muka koma muka yi abin da muke koya wa ɗalibai kullum, wato a fahimci tambaya kafin a ba da amsa. Me ke sa kwamfuta nauyi? Malamin kwamfuta ya ba mu misali da ɗakin malamai. Ya ce furosesa ita ce malamin da ke duba takardun jarrabawa. RAM shi ne teburinsa. Faifan ajiya kuma shi ne sito inda ake tara takardu. Idan tebur ƙarami ne, kome ƙwazon malami sai ya yi ta zirga-zirga tsakanin tebur da sito. Idan kuma siton yana da nisa, ƙofarsa tana da tauri, to yini zai ƙare ba a duba komai ba. Hoton kyamara mai ɗigo miliyan 24, ko da ƙarami ne a ajiye, idan aka buɗe shi don gyara yakan ci wajen megabait 72, kowane shafi da aka ɗora a kansa kuma yana ƙara nauyi. Windows kanta ta riga ta kwashe kusan rabin gigabait 4 ɗin kafin a fara aiki. Tsohon faifai kuwa faranti ne da ke juyawa sau 7,200 a minti, allura tana bin sa, yana karanta megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, yana kaiwa wajen megabait 500 a daƙiƙa a kan waya iri ɗaya. Ashe malamin bai gaza ba. Teburinsa ne ya yi kaɗan, sitonsa kuma ya lalace.

Muka ɗauki na'urar zuwa wurin wani mai gyara a Gyaɗi-Gyaɗi, ba nisa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Musulmi ne, maƙwabcin ɗaya daga cikin malamanmu, mutum mai amana. Da ya kwance murfin sai ya yi salati, ya ce, "Malam, wannan ai gona ce kuka kawo mini. Saura iri kawai." Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, haɗe da wadda manyan motocin titin Zariya ke tayarwa, ta toshe fanka da ramukan iska kamar an yaɓa laka. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ƙamas. Shi ya sa take mutuwa da zafi, domin an gina ta ta kashe kanta kafin ta ƙone. Ya hure ƙurar, ya sa sabon mai, ya gwada sauran kayan ciki. Sa'an nan ya ce, "Zan gaya muku tsakani da Allah. Wannan za ta ƙara muku shekara biyu ko uku idan kun ƙara mata RAM kun canza faifai. Amma kada wani ya ce muku ta koma sabuwa."

Maganarsa ta ƙarshe tana da tushe, kuma nan ne matasan malamai suke da gaskiya. Akwai abin da gyara ba ya iya yi. RAM ɗinta nau'in DDR3 ne, wanda aka bar yayinsa, ba ya shiga sababbin na'urori. Fiye da haka, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda ta yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana bukatar furosesar Intel ta zubi na takwas ko sama, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Tamu ba ta cika sharaɗi ba. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro, idan tana kan intanet, kamar gida ne da ba a ƙara duba makullinsa, ɓarayi kuwa kullum suna koyon sababbin dabaru. Don haka duk abin da za mu yi mata, sayen lokaci ne kawai.

Akwai kuma hanya ta uku da muka duba, wato kwamfutocin hannu da ake shigo da su daga ofisoshin Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu. Sai dai muna jan hankalin duk ɗan'uwan da zai saya: ka tambayi zubin furosesa, kada ka tsaya ga jin "i5" ko "i7" kawai, domin i7 ta 2012 da i7 ta 2020 suna ɗaya ne, ƙarfi dabam. Ka sa a kunna a gabanka, ka duba lafiyar faifai, ka nemi rasit da wa'adin mayarwa. Araha ba ta ado.

Abin da ya raba gardama a ƙarshe shi ne wata tambaya da wata malama ta yi: wane irin gyara ne muke yi wa hoto? Muka lissafa. Muna yanke gefe, muna miƙe wanda ya karkace, muna ƙara haske inda inuwar bishiya ta rufe fuska, muna share tabo da tsaga a tsohon hoto. Ke nan. Ba ma haɗa fim, ba ma zanen gine-gine. Shafin A4 cikakke, a kan ɗigo 300 a kowane inci da maɗaba'a ke so, bai wuce ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo ba, wato ƙasa da miliyan 9. Wannan aiki bai bukaci na'urar da ta fi ƙarfin aljihunmu ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma gyaran da ba ma yi, ko da za a ba mu na'urar da ta fi kowace ƙarfi a duniya. Kowace shekara wasu ɗalibai, maza da mata, sukan zo a ɓoye su ce, "Malam, don Allah a ɗan ƙara mini fari," ko a rage hanci, ko a goge tsagar gado. Ya ku 'ya'yanmu, ku ji mu da kyau. Littafin Farawa ya koya mana cikin kamannin wanda aka halicce mu. Aikinmu shi ne mu fito da fuskarku yadda Mahalicci ya yi ta, domin bayan shekara talatin jikokinku su gane ku. Littafin da ya yi ƙarya a kan fuska, wa zai yarda da abin da ya faɗa a kan sakamakon jarrabawa? Haka nan batun manhaja. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sabuwar Photoshop saye na dindindin, sai dai haya wata-wata ko shekara-shekara. Kwafin sata ya cika gari, amma makarantar da ke koyar da Dokoki Goma ba za ta buga littafinta da kayan sata ba. Muna amfani da GIMP, manhajar da wasu ɗaliban jami'a biyu suka fara a Amurka a 1995, wadda aka halatta wa kowa kyauta, zubinta na 3.0 kuma ya fito a Maris na 2025. Tana yi mana duk abin da muke bukata.

Ga shawarar da muka yanke, wadda shugaban makaranta da hukumar gudanarwa suka amince da ita. Na ɗaya, an ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 16, an sa SSD a madadin tsohon faifai. Na biyu, an cire kwamfutar daga intanet gaba ɗaya, aikin hoto kaɗai za ta yi, kuma filashi guda ɗaya ne tak aka yarda ya shige ta, bayan an bincike shi a wata na'ura. Na uku, an sayi allo mai nuna launi daidai, domin allo da haske yake haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, shi ya sa fuskokinmu sukan fito da duhu a takarda idan allon ya ruɗi mai gyara. Na huɗu, an sa sabon batir a UPS tare da sitabilaiza, saboda ɗaukewar wuta ana cikin ajiye aiki tana daga cikin manyan abubuwan da ke lalata fayil. Allon da UPS ɗin za su bi mu zuwa sabuwar na'ura, don haka kuɗinsu bai faɗi ƙasa ba. Duka-duka abin da aka kashe bai kai sulusin kuɗin sabuwa ba. Yanzu kafin mutum ya ja kujera ya zauna ta gama farkawa, kuma hotunan da ke hannunku da ita aka gyara su.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, an buɗe asusu. Kowane zango za a riƙa ajiye wani abu kaɗan daga cinikin littafin da gudummawar tsofaffin ɗalibai, domin ranar da za a sake na'urar ta same mu a shirye, ba tare da an matsa wa iyaye ba. Sa'ad da ranar ta zo ma ba za mu jefar da tsohuwar ba. Za a sa mata Linux a kai ta ɗakin kwamfuta, 'yan aji ɗaya su koyi buga rubutu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mun ga yadda yara 'yan jari-bola suke ƙona waya a juji don ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin da ke cutar da huhu. Kowace shekara da muka ƙara wa na'ura, mun rage wa juji kaya.

Ya ku ɗalibai, musamman ku da kuke barin mu a wannan shekara, irin wannan tambaya za ta same ku sau da yawa a rayuwa, a kan waya, a kan mota, a kan rufin ɗaki. Mai talla zai ce muku sabo shi ne magani, mai rowa kuma zai ce a yi ta lallaɓawa har abin ya rushe. Mai riƙon amana yakan bi tsakani. Yakan fara tsare abin da ba a iya mayarwa, ya gano ainihin inda cutar take, ya auna aikin da ke gabansa da abin da ke hannunsa, ya kuma yi tanadi don ranar da gyara zai ƙare. A misalin talanti na Matiyu sura 25, yadda kowane bawa ya sarrafa abin da aka danƙa masa shi ne abin da aka duba, ba yawansa ba.

Muna da roƙo guda biyu. Idan za ku turo mana hoto ta WhatsApp, ku turo shi a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba tana matse hoto, ya yi kyau a waya amma ya fashe a takarda. Sa'an nan iyayenmu da kakanninmu da ke da tsofaffin hotunan makaranta ko na ikilisiya a ƙasan akwati, ku ba mu aro na yini ɗaya, ku gaya mana sunayen waɗanda ke ciki tun masu tunawa suna da rai. Za mu kwafa mu mayar muku da hannunmu.

 Ubangiji ya sāka wa kowa da alheri, ya kiyaye fitarku da shigarku, ya sa mu zama amintattu a kan ƙaramin abu da babba. Amin.